Sanusi Lamido Sanusi: Shekarun Legas da Faɗin Tunaninsa

Yawancin abin da ake rubutawa kan Sanusi Lamido Sanusi a kan sarautar Kano yake tsayawa, alhali a Legas tunaninsa ya nuna. An haife shi a Kano ranar 31 ga Yuli, 1961, amma a King's College ta Legas ya yi sakandare, daga 1973 zuwa 1977. Ya samu digirin tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 1981, ya ɗan koyar, sannan ya shiga aikin banki.

Abin da ya raba shi da tsararrakinsa shi ne ajiye aikin da ya yi ya tafi Sudan karatun Larabci da Shari'a. Da ya dawo a 1997 sai ya kama aiki da bankin UBA, sashen auna haɗarin bashi. A shekarun nan ne, bayan Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a ƙarshen 1999, ya riƙa fitar da maƙalu masu tada ƙura, yana kafa hujja da fiƙihun Malikiyya da falsafar Turai: bai kamata haddi ya ƙare a kan talaka da mace ba, masu wawure dukiyar jama'a suna yawonsu. Wanda bai karanta waɗannan ba, zai yi wuya ya gane sauran tarihinsa.

A Janairun 2009 ya zama shugaban First Bank, a Yuni kuma Gwamnan Babban Banki. Ranar 14 ga Agusta ya sallami shugabannin bankuna 5, ya zuba wa bankunan naira biliyan 420. A zamaninsa bankin Jaiz marar kuɗin ruwa ya buɗe a 2012. A Legas aka fara gwada tsarin rage ciniki da tsabar kuɗi a shekarar. Yau ɗan goro a Agege ko dillalin tumatir a Mile 12 yakan miƙo na'urar POS maimakon ya kwance lalita.

Kan kuɗin man fetur, alƙaluman da ya bayar sun saɓa. Wasiƙarsa ta 2013 ta ce dala biliyan 49.8 ba su shiga asusun tarayya ba. Biliyan 20 da ya tsaya a kai gaban Majalisar Dattawa shi ya fi dacewa a riƙe. An dakatar da shi daga muƙamin Gwamnan Babban Banki ranar 20 ga Fabrairu, 2014.

Ya hau gadon sarauta a Yunin 2014, aka tuɓe shi ranar 9 ga Maris, 2020, ya koma Legas da zama. Gwamnatin Kano ta mayar da shi a Mayun 2024, shekarar da ya kammala digirin digirgir a Landan kan dokar iyali ta Musulunci.