Tukuici ko Ladan Aiki? Tarihin Ihsanin da Ake Yi wa Masu Hidimar Abinci a Turai da Amurka

1.0 Gabatarwa

Baƙon da ya sauka Amurka ya shiga gidan cin abinci, abin da kan fara ɗaure masa kai shi ne, bayan ya biya kuɗin abin da ya ci, ana sa ran zai ɗora wani abu a kai domin wanda ya yi masa hidima. Abin da aka saba bayarwa a yau yana tsakanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin abincin, kuma haka ake sa ran zai yi wa wanda ya kawo masa abinci har ƙofar gida. Masu fassara da masu watsa labarai cikin Hausa sukan kira wannan abu "tukuici". Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin al'adar, a ga yadda aka yi kyauta ta sami ƙayyadadden farashi, sa'an nan a auna ko kalmar tukuici ta dace da ita.

2.0 Tukuici a al'adar Bahaushe

Tukuici shi ne ɗan abin da wanda aka yi wa kyauta yake ba wanda ya kawo ta. Idan uwa ta aiki yaro da ƙwaryar tuwo gidan maƙwabta, ba a mayar da ƙwaryar haka nan, sai an ɗan sa masa wani abu a hannu. Matan da suka kawo lefe ana ba su tukuici, kuma wanda ya kawo labari mai daɗi yana da goron albishir. Abubuwa biyu ne suka fito fili a nan. Na farko, tukuici kyauta yake bi, shi ya sa aka ce yaba kyauta tukuici. Na biyu, ɗan aiken ba da shi ya dogara wajen ci da sha ba, domin yana da uwa ko ubangida da ke ɗauke da nauyinsa. Abin da ake biyan mutum saboda guminsa kuwa, Hausa ta ba shi sunaye dabam: lada ga ɗan ƙodago, la'ada ga dillali, albashi ga ma'aikaci.

Harsunan Turai su ma sun nuna cewa da sunan kyauta abin ya faro. Kalmar Faransanci "pourboire" ma'anarta "domin a sha", ta Jamusanci "Trinkgeld" ma'anarta "kuɗin abin sha", Rashawa kuwa da shayi suke danganta shi. Duk waɗannan sun yi kama da "kuɗin goro" na Bahaushe, watau ɗan abin da ake ba mutum ya jiƙa maƙoshi.

3.0 Mafarinsa a gidajen manyan Ingila

A Ingila cikin ƙarni na 17 da na 18, idan mutum ya baƙunci gidan wani basarake ko attajiri, ranar tafiyarsa barorin gidan kan jeru a bakin ƙofa, kowa yana jiran nasa. Da tafiya ta yi tafiya sai abin ya zama tilas, har masu ƙaramin ƙarfi suka riƙa gudun amsa gayyatar cin abinci saboda kuɗin sallamar barori. Su kuma iyayen gida sai suka riƙa tsuke albashi, tun da sun san baƙi za su cike giɓin.

A shekarar 1760 manyan mutanen birnin Edinbara suka ƙulla cewa za su daina bayarwa, kuma a wannan shekara Jonas Hanway ya wallafa wasiƙu yana sukar al'adar. Barori ba su yi shiru ba. A 1764 sun ta da tarzoma a lambun shaƙatawa na Ranelagh a Landan, suka farfasa fitilu, suka yi ta jifan masu neman a soke ta. Da ma ba mamaki, gama mutum ba ya tarzoma a kan kyauta sai in ta riga ta zama abincinsa. Al'adar ta ragu a gidajen manya, amma ta sami gindin zama a masaukai da gidajen shan gahawa da na cin abinci.

4.0 Shigarsa Amurka

Kafin yaƙin basasar Amurka, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865, wannan al'ada ba ta yi ƙarfi a ƙasar ba. Bayan yaƙin ne attajiran da suka yi yawon buɗe ido a Turai suka komo da ita, domin a san su ma sun waye. Sai zuwanta ya yi daidai da 'yantar da bayi kusan miliyan 4, waɗanda suka fito neman aiki ba gona ba jari. Masu masaukai da gidajen abinci suka ɗauke su da ɗan albashi kaɗan, wani lokaci ma ba albashin sam, a kan cewa abin da baƙi suka ba su shi ne rabonsu.

Misalin da ya fi shahara shi ne kamfanin George Pullman, wanda aka kafa a 1867, mai taragun kwana a jiragen ƙasa. Baƙaƙen fata ya riƙa ɗauka su gyara shimfiɗa, su goge takalma, su ɗauki kaya. A 1915, sa'ad da wata hukumar gwamnati ta binciki lamarin, albashin irin wannan ma'aikaci dala 27 da rabi ne a wata, sauran sai abin da fasinja ya ga dama. Da A. Philip Randolph ya jagoranci kafa ƙungiyar waɗannan ma'aikata a 1925, cikin bukatunsu na farko har da a soke kyautar fasinja a mayar da ita albashin da zai riƙe iyali. Sai a 1937 kamfanin ya yarda ya sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyar.

Su ma masu bayarwa da yawa ba su so abin ba. A 1904 an kafa wata ƙungiya a jihar Jojiya domin yaƙi da shi. A 1916 William Scott ya wallafa littafi mai suna The Itching Palm, watau tafin hannu mai ƙaiƙayi, inda ya nuna cewa al'adar ta masu sarauta da barorinsu ce, ba ta dace da ƙasar da ke iƙirarin kowa daidai yake da kowa ba. Jihar Washinton ta haramta ta a 1909, sa'an nan Misisifi da Akansas da Ayowa da Tenesi da Karolina ta Kudu suka bi sahu. Amma dokokin ba su yi tasiri ba, domin ba mai kai ƙarar wanda ya ba shi kuɗi, kuma zuwa 1926 duk an soke su. Ana cikin haka aka haramta sayar da giya a ƙasar daga 1920 zuwa 1933, ribar masaukai da gidajen abinci ta faɗi, masu su suka ƙara jingina da aljihun baƙo wajen biyan ma'aikata.

5.0 Yadda doka ta mai da shi albashi

A 1938 Amurka ta kafa dokar mafi ƙarancin albashi, santi 25 a awa, amma ba ta haɗa da ma'aikatan gidajen abinci ba. A 1942 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar 'yan dakon tashar jirgin ƙasa ta Jacksonville cewa kamfani na iya lissafa abin da fasinjoji suka ba su cikin wannan albashi. A 1966 aka gyara dokar ta shafi gidajen abinci da masaukai, amma da sharaɗin cewa mai gida zai iya biyan rabin albashin kawai, ragowar rabin a ɗauka kyautar baƙi ta biya.

A 1991 mafi ƙarancin albashi ya kai dala 4 da santi 25, rabinsa ya kama dala 2 da santi 13. A 1996 majalisa ta raba wannan adadi da babban albashin, ta tsayar da shi cik. Mafi ƙarancin albashi na tarayya ya hau zuwa dala 7 da santi 25 a 2009, na masu karɓar kyauta kuwa bai motsa ba, har ya zamanto bai kai kashi 30 cikin 100 na wancan ba. Ke nan wanda ya yi awa 40 a mako a kan wannan ƙima, dala 85 da santi 20 ne haƙƙinsa daga hannun mai gida. Doka ta wajabta wa mai gida ya cika in kyautar ba ta kai ba, kuma jihohi da dama sun ɗora nasu a sama. Jihohi bakwai ma, cikinsu har da Kalifoniya da Minesota da Washinton, sun tilasta a biya cikakken albashi. Duk da haka ƙa'idar tarayya ta tabbatar da cewa mai cin abinci ne ke biyan kaso mafi tsoka na ladan mai yi masa hidima.

Wannan ne ya sa ƙimar ta yi ta hawa. Littafin ladubban zama da Emily Post ta wallafa a 1922 kashi 10 cikin 100 ya ambata. Zuwa shekarun 1970 da 1980 kashi 15 ya zama ruwan dare, yau kuwa ana maganar 18 zuwa 20. Hukumar haraji ita ma ta daɗe da ɗaukarsa a matsayin kuɗin shiga: dokar 1982 ta ɗora wa manyan gidajen abinci su nuna cewa abin da ma'aikatansu suka samu ya kai aƙalla kashi 8 cikin 100 na cinikin gidan. A 2025 aka yi dokar da ta yafe harajin kuɗin shiga na tarayya a kan abin da bai wuce dala 25,000 ba a shekara, zuwa ƙarshen 2028. Binciken Michael Lynn na Jami'ar Cornell ya nuna cewa dangantakar da ke tsakanin kyawun hidima da yawan abin da ake bayarwa ba ta da ƙarfi. Girman kuɗin abincin da kunyar ido su suka fi yin aiki.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. Faransa ta yi doka tun 1933 cewa kuɗin hidima na ma'aikata ne, kuma a yau yana cikin farashin da aka rubuta, abin da baƙo ya bari a kan tebur ganin damarsa ne. Birtaniya ta yi doka a 2023, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2024, da ta hana mai gida taɓa wannan kuɗi. A Jafan kuwa ba a saba bayarwa ba ko kaɗan. A Amurka, Danny Meyer, mai gidajen abinci a Niyok, ya soke shi a 2015 ya ƙara farashi domin ya biya albashi, amma a 2020 ya koma gidan jiya.

6.0 Masu kai abinci gida-gida

Da wayar hannu ta yaɗu, sai aka sami kamfanonin da ake sayen abinci ta manhajarsu, irin su DoorDash da aka kafa a 2013 da Uber Eats a 2014. Waɗannan kamfanoni ba su ɗauki masu kai abincin a matsayin ma'aikata ba, 'yan kwangila masu zaman kansu suke kiransu. Saboda haka mai da gyaran abin hawa duk a wuyansu suke, dokar mafi ƙarancin albashi kuma ba ta rufe su ba. Jihar Kalifoniya ta tabbatar da wannan matsayi da ƙuri'ar jama'a a Nuwamban 2020, tare da wasu 'yan sharuɗɗa. Daɗin daɗawa, mai saye kan rubuta abin da zai bayar tun kafin a kawo masa abincin, direba kuma ya duba ko aikin ya cancanci wahalarsa kafin ya karɓa. Wanda ya ƙi sa komai, abincinsa kan daɗe a hanya. Kyautar da ake bayarwa kafin aiki domin a yi aikin, ai ta fi kusa da tayin ciniki.

A 2019 ya fito fili cewa DoorDash na amfani da kyautar mai saye wajen rage nasa kason. Alal misali, in ya yi wa direba alkawarin dala 10, mai saye ya ba da dala 3, sai kamfani ya biya dala 7, direba bai ƙaru da komai ba. Kamfanin ya sake tsari a wannan shekara, sa'an nan ya biya dala miliyan 2.5 a sulhu da hukumomin birnin Washinton a 2020, da dala miliyan 16.75 a sulhu da jihar Niyok a 2025. A 2021 Amazon ya yarda ya biya dala miliyan 61.7 bisa zargin riƙe kyautar direbobinsa. Da birnin Niyok ya ƙayyade wa masu kai abinci dala 17 da santi 96 a awa a Disamban 2023, sai manyan kamfanonin suka ɗauke gurbin kyauta daga gaban mai saye zuwa bayan an gama ciniki. Abin da ya faru da barorin Ingila shi ya sake faruwa: in kyauta ta hau albashi ya sauka, in albashi ya hau kyauta ta ja baya.

7.0 Kammalawa

A zahiri mai kai abinci ya yi kama da ɗan aiken Bahaushe, tun da shi ma ƙwarya ya ɗauko daga wani gida zuwa wani. Amma abin da ya ɗauko saye ne, kuma abin da aka ba shi da shi zai biya haya ya sha mai. Don haka a inda ake biyan ma'aikaci cikakken albashi, kamar Faransa, kalmar tukuici ta dace, kuma yawansa ya rage ga mai bayarwa. A Amurka kuwa kashi 15 zuwa 20 ɗin nan ladan aiki ne da aka ɗora wa mai saye, wanda ya hana shi ya ci gumin wani, ko da doka ba ta kama shi ba. Ya kamata masu fassara su riƙa bambancewa, su ce "ladan hidima" a inda abin ya zama haƙƙi. Haka kuma, yanzu da gidajen abinci na zamani da masu kai saƙo a kan babur suke ƙaruwa a birane irin su Kano da Kaduna da Abuja, akwai abin lura a wannan tarihi, domin tun daga Edinbara har Niyok, duk inda mai gida ya fara lissafa kyautar baƙo cikin albashin yaronsa, yaron ne ya kwana ciki.