Gurbi ɗaya ko biyu? Ƙa'idar tazara tsakanin jimloli a rubutun na'ura

Tazara tsakanin jimloli ita ce ɗan farin filin da ake bari bayan aya, ko alamar tambaya, ko alamar motsin rai, kafin babban baƙin da ke buɗe jimla ta gaba. A rubutun hannu ba mai auna ta, ido ne ke yanke hukunci. A tafireta da kwamfuta da wayar hannu kuwa abin ƙidaya ne: sau nawa aka danna dogon madannin nan na ƙasa. Ƙa'idar da maɗaba'u da jaridu ke bi a yau, a Turanci da Faransanci da Hausar boko, ita ce gurbi ɗaya tak. Sai dai mai rubuta Hausa a Garwa ko Njamena ko Kwatano, da ɗan'uwansa na Kumasi ko Bamenda, ba gado ɗaya suka ci ba. Wanda ya koyi buga rubutu a tsarin Ingilishi yakan bar gurbi biyu bayan aya. Wanda ya yi lakol kuma yakan bar gurbi kafin alamar tambaya. Kowanne yana da asalinsa, kuma kowanne yana da matsalar da yake jawowa idan aka shigo da shi cikin rubutun Hausa.

Daga dalma zuwa tafireta

A tsohuwar maɗaba'a da hannu ake jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya. Gurbi shi ma ɗan guntun ƙarfe ne, an dai gajarta shi don kada tawada ta taɓa shi. Guntayen nan suna da faɗi iri-iri, kuma babban ma'auninsu shi ne wanda Faransawa ke kira cadratin, Ingilishi kuma em, wato gurbin da faɗinsa ya yi daidai da girman haruffan da ake aiki da su. Tsakanin kalma da kalma akan sa wajen kashi ɗaya cikin uku na wannan ma'auni. Bayan aya kuwa, a yawancin littattafan Ingila da Amurka na ƙarni na 18 da na 19, cikakken ma'aunin ake sakawa. Ke nan filin da ke raba jimloli ya kai ninki uku na wanda ke raba kalmomi.

Da tafireta ta kamfanin Remington ta shiga kasuwa a 1874, sai ta zo da nata tsarin. Duk baƙin da aka buga, takarda takan matsa taku ɗaya daidai wa daida, siririn i da faffaɗan m duk rabonsu ɗaya. Babu ƙaramin gurbi, babu babba. Masu buga tafireta da ke son aikinsu ya yi kama da na littafi sai suka riƙa danna madannin sau biyu bayan aya, wasu har sau uku. Abin ya kuma yi amfani, domin a shafin da kowane baƙi ke da fili mai yalwa a gefensa, ƙarshen jimla kan ɓace wa ido idan ba a buɗa shi ba.

Maɗaba'u kuwa wata hanya suka kama. Injin Linotype, wanda jaridar New York Tribune ta soma aiki da shi a 1886, ya mayar da jera haruffa aikin sauri, kuma sannu a hankali aka daina wahalar da kai da gurbi na musamman bayan aya. Faffaɗan gurbi yana cin takarda, yana kuma barin fararen ramuka da ke gangarowa daga layi zuwa layi a siririn ginshiƙin jarida. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 yawancin littattafai da jaridun Turanci sun koma gurbi ɗaya. Makarantun koyon tafireta ne ba su canza ba. Ta hannunsu al'adar ta shiga ofisoshin ƙasashe rainon Ingila, akawu ya koya wa yaronsa, sakatariya ta koya wa mai gadonta, har ta iso cikin shagunan buga takardu da kwamfuta na yau.

Abin da kwamfuta ta sauya

Haruffan da aka fi aiki da su yanzu, irin su Times New Roman da Arial da Calibri, kowane baƙi yana da faɗin da ya dace da shi, kamar a littafi. Dalilin da ya haifi gurbi biyu ya kau ke nan. Manyan littattafan ƙa'idar rubutu na Amurka sun bi sahu: Chicago Manual of Style gurbi ɗaya yake so, ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta APA, wadda jami'o'i da yawa ke bin tsarinta wajen rubuta kundin digiri, ita ma ta tsaya a kan ɗaya a bugu na 7 da ta fitar a 2019. A 2020 manhajar Word ta soma ja wa gurbi biyu layi a matsayin kuskure. A intanet ma gardamar ba ta da wurin zama sosai, don a shafi na yau da kullum burawuza takan haɗe gurabun da suka jeru ta nuna su a matsayin ɗaya. Ko goma marubuci ya danna, mai karatu ɗaya zai gani.

Masu riƙe da gurbi biyu suna da hujja guda mai ɗan nauyi. Aya aiki biyu take yi, tana rufe jimla, tana kuma rufe taƙaitacciyar kalma. A "Alh. Musa ya iso" ayar farko ba ƙarshen magana ba ce, ga shi kuma babban baƙi ya biyo ta. Gurbi biyu, in ji su, shi ke bambanta wannan da ainihin ƙarshen jimla. Sukan kuma kafa hujja da wani bincike da aka wallafa a 2018 daga kwalejin Skidmore ta Amurka, inda aka bi motsin idon ɗalibai 60 suna karatu. An ga ɗan ƙarin sauri, wajen kashi 3 cikin ɗari, a wurin waɗanda da ma gurbi biyu suka saba bugawa, fahimtar abin da aka karanta kuwa ba ta canza ba. Ga kuma wani abin lura: da haruffan Courier New aka yi gwajin, waɗanda kwaikwayon tafireta ne. Binciken bai isa ya sa a sake ƙa'idar jarida ba, kuma ba a sake ta ɗin ba.

A waya, danna madannin gurbi sau biyu a jere yakan fitar da aya da gurbi ɗaya, a iPhone da yawancin wayoyin Android. Tsohon motsin yatsa ne aka ba shi sabon aiki.

Gurbin Faransanci

A nan ne batun ya fi shafar masu karanta wannan shafi. Bayan aya Faransanci gurbi ɗaya yake bari, ba wata gardama. Inda ya bambanta shi ne gaban wasu alamomi. Ƙa'idar da ake koya wa yara a lakol ita ce alama mai sassa biyu tana da gurbi gaba da baya: ruwa biyu, da waƙafi mai ruwa, da alamar tambaya, da alamar motsin rai. Aya da waƙafi kuwa manne suke da kalmar da suka biyo. Shi ya sa ake rubuta Où vas-tu ? da gurbi, alhali Bature ɗan Ingila zai manna alamar. Haka kuma alamomin zancen wani na Faransanci, « da », suna da gurbi ta ciki.

Amma ba gurbi ne na gama-gari ba, kuma nan ne yawancin masu buga rubutu ke tuntuɓe. Sunansa espace insécable, gurbin da ba ya yankewa, wanda ke ɗaure alamar da kalmarta yadda ƙarshen layi ba zai raba su ba. Littafin ƙa'idoji na Imprimerie nationale, maɗaba'ar gwamnatin Faransa, ya ma raba shi biyu: siriri a gaban waƙafi mai ruwa da alamar tambaya da ta motsin rai, cikakke a gaban ruwa biyu da cikin « ». Idan aka sa gurbin gama-gari a madadinsa, sai a ga alamar tambaya ta faɗo ita kaɗai a farkon sabon layi, ko ruwa biyu sun yi zaman marayu a gefen shafi. A ƙaramin allon waya, inda layi ke karyewa bayan kalma biyar ko shida, wannan kullum faruwa yake.

Su kansu masu Faransanci ba baki ɗaya suke ba. A Kebek ta Kanada an fi manna alamar tambaya da ta motsin rai da waƙafi mai ruwa, a bar gurbi gaban ruwa biyu kaɗai.

Akwai kuma wani ruɗani na suna. A manhajar TeX, wadda Donald Knuth ya soma ginawa a ƙarshen shekarun 1970 kuma masana lissafi ke rubutu da ita har yau, umurnin da ke hana ƙara faɗin gurbi bayan aya sunansa frenchspacing. Wasu masu Turanci kuma sukan kira gurbi biyu da wannan sunan. Duk wanda ya gamu da kalmar sai ya duba wanne ake nufi.

Wanne Hausa za ta bi?

Hausar boko ta girma ne a maɗaba'un Zariya da Kano, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka soma bugawa a 1939, tana cikin abin da ya kafa mata tsari. Littattafan Hausa da ake karantawa daga can manne alama suke yi da kalma: Ina za ka? Kai, madalla! A ƙasashe rainon Faransa kuwa ana yawan ganin Ina za ka ? da gurbi, a sanarwa da allon talla da saƙonnin WhatsApp. Wani lokaci hannun marubuci ne ya saba. Sau da yawa kuma na'ura ce ta yi masa shisshigi: idan an saita harshen Word a Faransancin Faransa, da kanta take cusa gurbi marar yankewa gaban : ; ? ! ta kuma mayar da alamar zance zuwa « ». Ba ta san Hausa ake rubutawa ba.

Bambancin rubutun Hausa tsakanin ƙasashe ba sabon abu ba ne. Nijar na rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y, kuma an zauna taro kan daidaita rubutun a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Yanzu da Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, takardun Hausa da za a riƙa bugawa a kwamfutocin da aka saita da Faransanci ƙaruwa za su yi.

A ganina mannewa ta fi dacewa da Hausa ko a wace ƙasa. Ita ce mafi yawan masu karatu suka saba gani a littafi. Ba ta buƙatar wani gurbi na musamman da yawancin masu rubutu a waya ba su san inda yake ba, don haka ba alamar da za ta faɗo layin ƙasa. Waɗanda suka saba da rubutun Larabci a Cadi da Sudan su ma manne ؟ da ، suke yi da kalma. A shafi mai harsuna biyu kamar wannan, ɓangaren Faransanci ya riƙe gurabunsa, na Hausa ya manne alamominsa. Abin da ya fi muni shi ne gauraya: sakin layi ɗaya da gurbi, na biye babu.

Lambobi suna buƙatar kulawa ta daban, domin a nan kuskure kan taɓa aljihu. Faransanci da gurbi yake raba dubbai, 25 000, waƙafi kuma na ɓangaren lamba ne, 1,5 wato ɗaya da rabi. Tsarin Ingilishi, wanda jaridun Hausa na Najeriya ke bi, 25,000 yake rubutawa da 1.5. Idan gurbin cikin 25 000 na gama-gari ne, layi na iya karyewa a tsakiya, 25 a sama, 000 a ƙasa. Idan kuma aka rubuta 1,500 ga wanda ya yi lakol, yana iya karanta shi ɗaya da rabi. A labarin farashi ko kasafin kuɗi da zai tsallaka iyaka, gara a rubuta sefa dubu 25 ko jaka 25, ba mai ruɗewa.

Gyaran takardar da aka riga aka buga

A Word, madannin da ke ɗauke da alamar ¶ yana fito da abin da ido ba ya gani: gurbin gama-gari ya bayyana kamar ɗigo a tsakiyar layi, marar yankewa kuma kamar ƙaramin zobe a sama. Don share gurbi biyu, a danna Ctrl da H, a buga gurbi biyu a akwatin nema, ɗaya a akwatin musanyawa, a maimaita har na'urar ta ce ba ta sami komai ba. Mai buƙatar gurbi marar yankewa a rubutun Faransanci ya danna Ctrl da Shift da madannin gurbi tare. Kafin a soma rubuta Hausa kuma, a sauya harshen takardar daga Faransanci, ko a kashe gyaran kai-tsaye, in ba haka ba duk gurbin da aka cire zai dawo da zarar an sake buga alamar.