Daga 'Yan Doka Zuwa SARS: Wa Ke Sauraren Wanda Ɗan Sanda Ya Zalunta?

A zamanin En'e, talakan Arewa da ɗan doka ya ci wa zarafi ba shi da wata ƙofar da zai nufa. Ɗan doka na sarki ne, alkali na sarki ne, gidan yari ma a hannun En'e yake. 'Yan jam'iyyar adawa ta NEPU sun ɗanɗani wannan a shekarun 1950, lokacin da ake kama mutum saboda taron siyasa, kuma hukumar da ta sa aka kama shi ita ce za ta saurari kukansa. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta rushe 'yan doka a ƙarshen shekarun 1960, ta shigar da su cikin rundunar 'yan sandan tarayya. Kaki ya canza, amma mai ƙorafi bai samu inda zai kai kuka ba.

Ƙofa ta farko ta buɗe a 1975, da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a, wadda Alhaji Yusuf Maitama Sule ya fara jagoranta. Aikinta ya shafi ma'aikatun gwamnati gaba ɗaya, kuma ƙarfinta bai wuce bincike da ba da shawara ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta biyo baya a 1995, a ƙarƙashin mulkin soja, ba ta samu haƙora ba sai da aka gyara dokarta a 2010.

Da aka dawo mulkin farar hula, tsarin mulkin 1999 ya tanadi Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, aka kuma yi mata doka a 2001. A rubuce tana da iko mai yawa: ɗauka, ƙarin girma, ladabtarwa da korar kowane ɗan sanda in ban da Sufeto Janar. Sai dai ta daɗe ba ta da isassun masu bincike nata na kanta, don haka takardar koke takan koma hannun rundunar da ake ƙara. Ga kuma shugabancinta, wanda aka yi ta damƙa wa tsofaffin sufetocin janar irin su Mike Okiro da Musiliu Smith da Solomon Arase. Ba a raina ƙwarewarsu ba, amma mai koke yana da haƙƙin ya ga wanda bai taɓa sa kakin ba a kan wannan kujera.

Kisan Apo ya nuna yadda abin yake a zahiri. A watan Yunin 2005 'yan sanda suka kashe matasa shida a Abuja, maza biyar 'yan kasuwar Apo da mace guda, suka ce 'yan fashi ne, aka binne su cikin gaggawa. Ba don 'yan uwansu da abokan kasuwarsu sun tada ƙura ba, da maganar ta mutu a nan. Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin shari'a, kwamitin ya ƙaryata labarin fashin. Duk da haka sai a watan Maris na 2017 kotu ta yanke hukunci, ta yi wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ta sallami uku. Iyalan sun yi jiran kusan shekara 12, a babban birnin ƙasa, a shari'ar da duk jaridu suka sa wa ido. Mai karatu ya auna abin da zai samu ɗan acaɓan ƙauye da aka kai bayan kanta, aka karɓi kuɗi a hannun iyayensa a ƙarƙashin allon da aka rubuta beli kyauta ne.

A 2015 Arase, yana Sufeto Janar, ya buɗe sashen karɓar ƙorafi ta waya da saƙon tes da WhatsApp, ana ba mai ƙara lambar bin diddigi. Wannan ci gaba ne na gaske, domin mutum ba ya buƙatar tsayawa gaban abokin aikin wanda ya mare shi. Dokar shari'ar manyan laifuka ta wannan shekarar ta umarci majistare ya riƙa leƙa caji ofis kowane wata, sannan a 2017 aka yi dokar haramta azabtarwa.

Amma kukan da ake yi da SARS, sashen 'yan sanda na yaƙi da fashi, bai tsaya ba. Kwamitin da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta jagoranta ya ba da shawara a 2019 cewa a kori jami'ai 37, a gurfanar da 24. A watan Satumban 2020 aka sa hannu kan sabuwar dokar 'yan sanda da ta maye gurbin ta 1943, ta wajabta sashen ƙorafi a kowace jiha. Wata guda bayan haka matasa suka cika tituna, aka rushe SARS ranar 11 ga Oktoba, aka kuma umarci jihohi su kafa kwamitocin shari'a. Na Legas ya biya diyyar sama da naira miliyan 400. Kano da Jigawa da Sakkwato da Zamfara na cikin jihohin da ba su kafa ba, alhali mutanensu ma suna da tabon da za su nuna.

Ofisoshin karɓar koke sun yawaita, amma mai binciken ɗan sanda har yau galibi ɗan sanda ne. Ya kamata Majalisar Tarayya ta ba hukumar kula da 'yan sanda masu bincike farar hula da kuɗin aikinta kai tsaye, ta tilasta mata buga adadin ƙorafin da ta karɓa da hukuncin da ya biyo baya kowace shekara, a kuma buɗe hanyar kai ƙara da baki, da Hausa, ga wanda bai iya rubutu ba.