Nau'in Ƙwayar HIV da Yawanta a Jini a Farkon Kamuwa

Ƙwayar HIV, wadda ke janyo ƙanjamau, kala biyu ce: HIV-1, wadda ta bazu a duniya, da HIV-2, wadda aka fi samu a Afirka ta Yamma. Ita HIV-1 ta rabu zuwa rassa da ake kira da haruffa. Reshen B ya fi yawa a Amurka da Turai, C a kudancin Afirka da Indiya, A da D kuma a gabashin Afirka. A Najeriya an fi samun G da CRF02_AG, wanda gaurayen A da G ne.

Me ke faruwa a farkon kamuwa?

Cikin mako 2 zuwa 4 da kamuwa, ƙwayar tana hayayyafa da sauri, har ta kai miliyoyi a kowace mililita ta jini. Wasu kan yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ƙuraje ko kaluluwa, a ɗauka mura ce ko zazzaɓin cizon sauro. A wannan lokacin an fi saurin yaɗa cutar. Daga nan garkuwar jiki takan danne ta, yawanta ya sauko ya tsaya a wani mataki cikin 'yan watanni. Idan matakin ya yi sama kuma ba a shan magani, garkuwa takan yi saurin rushewa.

Shin reshe yana da tasiri?

Yana da shi, amma ba shi kaɗai ba. Binciken da aka yi a Rakai ta ƙasar Uganda ya nuna masu reshen D sun fi masu A saurin kaiwa ga ƙanjamau. A kudancin Afirka an ga wasu masu reshen C da yawan ƙwayar ya daɗe a sama bayan makonnin farko. Masu HIV-2 kuwa, ƙwayar takan yi ƙaranci a jininsu, cutar ta tafi a hankali. Sai dai ko mutum biyu masu reshe ɗaya, sakamakonsu kan bambanta matuƙa, domin garkuwar kowa da irin gadonsa daban ne.

Abin da ya kamata ku yi

Ba sai kun san reshen ba kafin ku fara magani. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara wa duk wanda aka gano yana ɗauke da ƙwayar. Haɗin magani mai ɗauke da dolutegravir yana aiki a kan dukkan waɗannan rassa. Abin da likita ke buƙatar tantancewa shi ne ko HIV-2 ce, domin nevirapine da efavirenz ba sa aiki a kanta.

Ku yi gwajin yawan ƙwayar a wata 6 da wata 12 bayan fara magani, sannan duk shekara. Wanda ke shan maganinsa kullum, sakamakonsa ya tsaya ƙasa da 200, ba ya shafa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa.

Idan kuna zargin kun kamu cikin 'yan makonnin nan, ku gaya wa likita ranar, domin gwajin gaggawa yana iya kasa nunawa da wuri, sai an maimaita.