Daga Turmi Zuwa Injin Niƙa: Tarihin Ƙibar Uwargida

  

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta aiko mini da saƙo, kuma na san ba ita kaɗai ba ce. Ta ce haihuwarta huɗu, shekararta ba ta kai 35 ba, amma ko ɗaya daga cikin rigunan lefenta ba ya shigarta. In ta yi sujada sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, kakarta ta fi ta cin tuwo nesa ba kusa ba, ita ma a kulle ta yi zaman aurenta, amma har ta tsufa ba ta ajiye teɓa ba. To me ya faru? Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Yau bari mu waiwaya mu ga ta ina wannan ƙiba ta shigo gidajenmu, don wanda ya san ƙofar shigar abu shi ya san ta fitarsa.

Mu fara da yinin kakarki. Kafin rana ta ɗaga ta ja guga ta cika randa. Daga nan sai sussuka, sai sheƙa, sai surfe, sai bakace. In tuwo za a yi, ta durƙusa gaban dutsen niƙa har gari ya isa gidan duka. In fura ce, ta daka, ta tankaɗe, ta dafa, ta sake mayarwa turmi ta kirɓa. Mai sana'ar ƙuli-ƙuli ta matse mai da ƙarfin damtsenta. In an yi sabon ɗaki matan unguwa su taru su yi daɓe. Har waƙoƙin daka da na niƙa gare su, da lugude, don aikin ya yi sauƙi. Akwai wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, wadda ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 zuwa 1950, aka buga shi littafi a 1954. Duk wadda ta bi labarin za ta ga irin wannan rayuwa ta matan da. Kin ga ke nan kulle bai hana su motsa jiki ba, a tsakar gida suke zubar da guminsu kullum.

Abincin fa? Dawa da gero da maiwa ne, da miyar kuka ko kuɓewa ko karkashi wadda ta ji daddawa. Ga rama da zogale da tafasa, ga fura da nono. Shinkafa sai salla ko biki. Zaƙi kuwa sai an samu zuma, ko rake, ko mazarƙwaila, ko maɗin ɗinya, su ma ba kullum ba.

Kada ki ɗauka daɗi suka sha, 'yar'uwa. Wahala ce, kuma yunwa tana leƙo su. An yi babbar yunwa a ƙasar Hausa a 1913 zuwa 1914, wadda ta ci rayuka masu yawa, an kuma yi farin 1973 wanda iyayenmu ba su manta ba. Mutanen da suka ga haka, dole su girmama jiki. In amarya ta yi wata uku ta murje, sai a ce gidan miji ya karɓe ta. In ta rame, dangi su fara tambaya ko ba ya ciyar da ita ne, ko kishiya ce ta sa ta a gaba. Mai jego kuwa a yi ta ɗura mata kunun kanwa da gasasshen nama har ta yi arba'in. Ba mu kaɗai ba ne. Ƙabilar Efik ta Kalaba suna da ɗakin da ake killace budurwa a kiwata ta kafin aure. A Muritaniya, da kuma cikin Larabawan Azawak a Nijar, an san al'adar ɗura wa 'yanmata madara da kunun gero don su cika. A zamanin da abinci ke wuya, ƙiba shaida ce ta rufin asiri.

Sai zamani ya fara juyawa, a hankali kuma ya juya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kantunan Turawa da na Kwara suka fara kawo sukari da sauran kayan ƙwalama. A 1953 aka fara ɗura Coca-Cola a kwalba a Legas. Kamfanin sukari na Bacita, a jihar Kwara ta yanzu, ya fara aiki a 1964. Dunƙulen Maggi ya shigo Nijeriya a 1966, ya fara ture daddawa gefe. Da kuɗin man fetur suka zo a shekarun 1970, aka kuma yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1974, sai jiragen ruwa suka yi ta sauke alkama da shinkafar waje. Burodi da shayi mai kauri suka karɓe gurbin koko da ɗumame. Taliyar Indomie ta biyo baya a 1988. Abin da kakarki ke gani ranar salla kaɗai ya zama abincin Litinin da Talata.

A daidai lokacin da zaƙi da maiƙo ke shigowa ta zaure, aiki kuma yana fita. Injin niƙa ya bazu a unguwanni, sai a ɗora wa yaro ƙwarya a ka ya kai. Injin surfe da na markaɗe suka biyo. Famfo da 'yan ga-ruwa suka hutar da guga, risho da gas suka hutar da hura wuta. Gidajen ma suka tsuke, daga tsakar gida mai faɗi aka koma ciki da falo. Talabijin ta fara aiki a Kaduna a 1962. A 1990 aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, finafinan Hausa suka kankama. Kin ji ikon Allah, turmi ya bar tsakar gida ya koma cikin akwatin kallo. Wayar salula ta zo a 2001, yanzu ko maƙwabciya za ki gaisar ba sai kin tashi daga kan katifa ba.

Wallahi ba na kukan waɗannan abubuwa. Duk wadda ta taɓa yin surfe da tsohon ciki ta san injin niƙa rahama ne. Abin lura dai shi ne, aikin ya tafi amma malmalar tuwon ba ta ragu ba, ga kuma lemon kwalba a gefe. Tunanin zamanin yunwa ma bai tafi ba, har yanzu muna auna kirkin miji da kumatun matarsa. Don haka ki daina zagin kanki da ragwanci. Duniya ce duka ta shiga wannan hali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin kowane 8 yana da ƙiba mai cutarwa, kuma tsakanin manya adadin ya ninka fiye da sau biyu tun 1990.

Gaggawa ita ta fi yi mana ɓarna, ta kowane ɓangare. Da ana son jiki, sai 'yanmata da amare suka faɗa wa ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Cikinsu akwai dexamethasone, maganin da likita ke bayarwa don asma da kumburi. Yana tara ruwa a jiki, fuska ta yi fam, ya ɗaga sukarin jini da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke shi rana ɗaya, ta je asibiti a janye mata a hankali. Da yayin rama ya zo kuma, sai shayin rage tumbi ya cika gari. Yawancinsu gudawa da fitsari kawai suke sawa, ruwa ya fita kitse yana nan. An sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin irinsu, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Akwai sababbin allurai irin su Wegovy, da aka amince da ita a Amurka a 2021. Suna aiki, amma sai da likita, ga tsada, kuma in an daina ƙibar kan dawo.

Bari in ba ki nawa labarin. Bayan haihuwata ta uku na hau sikeli a asibiti na ga kilo 91, ma'aikaciyar jinya kuma ta ce jinina ya fara hawa. Na dawo gida na ƙi cin abinci kwana huɗu, ranar na biyar na cinye rabin tukunyar taliya a tsaye. Daga nan na san ba hanya ba ce. Sai na fara da shayi, daga cokali 4 na sukari na koma 3, bayan mako biyu na koma 2. Lemon kwalba na bar wa ranar biki. Bayan sallar asuba in zagaya tsakar gida minti 15, bayan la'asar in ƙara 15. Na sa aka sayo mini turmi, na koma dakan yaji da jajjage da kaina. Surukata ta zo ta dube ni ta ce, “'Yar nan, lafiya kike zugewa haka, ko wani abu ya haɗa ku da shi ne?” Na ce, “Lafiya lau Hajiya, gwiwata nake ceto.” Akwai watan da sikeli bai motsa ba, da azumi ma sai da na ƙara saboda soye-soyen buɗa baki. Cikin wata 14 na sauke kilo 10, jinina ya daidaita.

Kada ki raina kaɗan. A 2002 an fitar da sakamakon wani bincike a Amurka kan mutum sama da 3,000 waɗanda ke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, wajen kilo 6 ke nan. Minti 150 kuwa rabin awa ne sau biyar a mako, kina iya raba shi goma-goma, ba sai kin taka ƙofar gida ba.

Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya isa. In ba ki da sikeli, ari tef ɗin ɗinki ki auna ƙugunki ta wajen cibiya. In ya wuce inci 31 da rabi a fara kula, in ya kai 35 a tashi tsaye. Sukari kada ya wuce ƙaramin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi, ki kuma tuna kwalbar lemo ɗaya kan kai wajen 9. Gishiri ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin dunƙule. Ki rage malmala ki ƙara miyar ganye da wake, ki dawo da dambun zogale da faten tsaki. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai shan maganin sukari ko na hawan jini, su fara tuntuɓar likita. Ki kuma yi wa maigida bayani, shi ke cefane, in ya gane ya rage miki rabin aikin. In kuna zaman lafiya da abokiyar zama, ku riƙa zagayen tare, hira na rage nisa.

Mai jin kunyar a gan ta tana motsa jiki, ta tuna abin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wuce shi. Bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake, shi kuma ya wuce ta.

Sama da shekara ɗari wannan canji ya ɗauka kafin ya iso kwanonki, ke ma shekaru kika yi kina tarawa, don haka ki ba jikinki lokaci. Sannu ba ta hana zuwa. Gobe da safe ki rage cokali ɗaya a shayi, ki zagaya tsakar gida sau goma, in mun haɗu mako mai zuwa ki ba ni labari. Allah ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya a ɗakunanmu. A huta lafiya.