Yadda aka wanke Indiana Jones aka miƙa wa yara

A watan Yuni na 2008 aka fitar da wani wasan bidiyo mai suna Lego Indiana Jones: The Original Adventures. Kamfanin Traveller's Tales na Ingila ne ya tsara shi, LucasArts na Amurka ya fitar da shi kasuwa. An yi shi don PlayStation 2 da 3, da Wii, da Xbox 360, da kwamfuta, da ƙananan na'urorin hannu. Hukumar da ke tantance wasanni a Amurka ta ce ya dace da ƴan shekara 10 zuwa sama. Abin lura shi ne finafinai ukun da aka gina wasan a kansu ba don ƙananan yara aka yi su ba. A cikinsu akwai inda fuskokin mutane suke narkewa, akwai inda ake zaro zuciyar mutum yana da rai. To, ta yaya irin wannan labari ya koma abin da uba zai saya wa ɗansa ya tafi kasuwa hankalinsa kwance? Amsar tana cikin tarihin abubuwa biyu da suka taso daban, tubalin Lego da jarumin sinima, sannan suka haɗu don kowannensu yana bukatar ɗan uwansa.

Tarihin tubalin ya fara a Bilund, wani ƙaramin gari a ƙasar Danmak. A can wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya shiga sassaƙa kayan wasan yara na katako a 1932, lokacin da matsin tattalin arziki ya hana mutane gina gidaje, aikin kafinta ya yi ƙaranci. A 1934 ya raɗa wa sana'arsa suna Lego, daga kalmomi biyu na harshensu masu ma'anar "yi wasa da kyau". Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sayi injin zuba roba, a 1949 kuma ƴan tubalan roba na farko suka fito. Ba su kama juna sosai ba, sai a 1958 aka yi rajistar fasalin da ake amfani da shi har yau, wato ƴan kawuna a saman tubali da ƴan bututu a ƙarƙashinsa, ta yadda in an danna su sai su riƙe juna gam. A wannan shekarar Ole Kirk ya rasu, ɗansa Godtfred ya ci gaba da jan ragama. Ɗan mutum-mutumin nan mai launin ɗorawa da hannuwa kamar ƙugiya ya fito a 1978.

Shekaru da dama kamfanin bai jingina da labarin kowa ba. Ana ba yaro tubali, shi ne zai ƙago gida ko jirgi ko gada, kamar yadda yaranmu ke ƙera shanun laka da motar kara ba tare da wani ya zana musu ba. Amma a ƙarshen shekarun 1990 kasuwa ta juya, yaran Turai da Amurka suka karkata ga talabijin da wasannin bidiyo. A 1998 Lego ya yi asarar da bai saba gani ba. A 1999 ya fito da kayan wasa na Star Wars bisa yarjejeniya da kamfanin George Lucas, karo na farko ke nan da ya ɗauki labarin fim ya mai da shi tubali. Duk da haka, a 2003 da 2004 kamfanin ya kusa durƙushewa, har iyalin da suka kafa shi suka miƙa shugabanci ga wani bare, Jørgen Vig Knudstorp. Tun daga nan aron jaruman sinima ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan kasuwancinsa.

Shi kuwa jarumin, a 1981 aka fara ganinsa. George Lucas ne ya ƙago shi, Steven Spielberg ya ba da umarni, Harrison Ford ya fito a matsayinsa: malamin jami'a mai binciken kayan tarihi, da malafa da bulala. Fim na farko, Raiders of the Lost Ark, labarinsa a 1936 yake faruwa, inda Indiana Jones ke tsere da sojojin Hitila wajen neman Akwatin Alkawari na Bani Isra'ila, wato Tabutun da aka ambata a cikin Suratul Baƙara. Labarin ya ce a Masar ake tonon, amma a Tunisiya aka ɗauki wannan sashe. Na biyu, Temple of Doom, ya fito a 1984, na uku kuma, The Last Crusade, a 1989, wanda aka ɗauki ƙarshensa a tsohon birnin Petra na ƙasar Jodan.

Na biyun ne ya fi tayar da ƙura. Ya nuna Indiya a matsayin ƙasar masu cin macizai da ƙwaƙwalwar biri, da ƴan wata ƙungiyar asiri masu yin hadaya da mutane. Hukumomin Indiya ba su yarda da rubutun labarin ba, sai aka koma Siri Lanka aka ɗauki fim ɗin. Mugun cikinsa, Mola Ram, duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya a Maraɗi ko Damagaram ya san fuskarsa, don Amrish Puri ne, wanda daga baya ya fito a matsayin Mogambo. A Amurka ma uwaye sun koka cewa sun shiga sinima da ƴaƴansu sun fito da su a firgice. Koken da aka yi a kan wannan fim da wani mai suna Gremlins shi ya sa a 1984 aka ƙirƙiro sabon matakin tantance finafinai, PG-13, mai gargaɗin uwaye game da yaran da ba su kai shekara 13 ba. Ke nan tun kafin a yi maganar wasan bidiyo, Indiana Jones ya riga ya shiga tarihin muhawarar abin da ya kamata yaro ya gani.

Wanda ya haɗa tubalin da jarumin shi ne Traveller's Tales, ƙaramin kamfani da Jon Burton ya kafa a 1989. A 2005 suka fitar da Lego Star Wars, wanda ya samu karɓuwa fiye da yadda aka zata, suka bi shi da na biyu a 2006. A 2007 Warner Bros ya saye kamfanin. Da aka shirya fitar da fim na huɗu na Indiana Jones a watan Mayu na 2008, bayan shekara 19 ba a ga jarumin a sinima ba, sai aka ga akwai bukatar gabatar da shi ga yaran da ba a haifa ba lokacin da na ukun ya fito. Kayan wasa na tubali da wasan bidiyon duk a wannan shekara suka shiga kasuwa. Uban da ya kalli fim ɗin yana saurayi shi ne mai kuɗin saye, ɗansa kuma shi ne sabon mai kallo.

Wankin da aka yi wa labarin ba ƙarami ba ne. Wasan yana da matakai 18, shida ga kowane fim. Ba a zubar da jini ko ɗigo. Wanda aka doka sai ya wargaje ya koma tubali, in kuma ɗan wasan ne ya faɗi, nan take zai sake tashi, abin da ya rasa kawai ƴan ƙwayoyin da yake tarawa a matsayin kuɗi. Ba mai magana a cikinsa, sai gurnani da ɗaga kafaɗa da zare ido, don haka yaron da bai iya Turanci ko Faransanci ba zai iya bin labarin. Sai a 2012, a wasan Lego Batman 2, ƴan tubalin wasannin wannan kamfani suka fara magana. Wuraren da suka fi ban tsoro a finafinan an mai da su abin dariya. An kuma cire sunan Nazi da tambarinsu ƙaf, sojojin Hitila suka zama "abokan gaba" kurum, marasa ƙasa, marasa aƙida.

Adalci ne a faɗi abin da wasan ya yi daidai. Mutum biyu na iya yin sa tare a allo ɗaya, na biyun ya shigo ko ya fita lokacin da ya ga dama. An kuma tsara shi yadda ba wanda zai iya komai shi kaɗai. Indiana yana lilo da bulala amma in ya ga maciji sai ya daskare don tsoro, mahaifinsa yana tsoron ɓeraye, mawaƙiya Willie tana tsoron gizo-gizo. Sallah ne mai shebur ɗin tono, ƙaramin yaro Short Round ne ke shiga ƴan ƙofofin da babba ba ya iya shiga, mai riƙe da littafi ne ke warware rubutun bango. Dole wa ya jira ƙanensa, dole su yi shawara. Wasa ne na zamanin da ake sayen faifai sau ɗaya a gama, ba ya neman intanet, ba ya tsayar da yaro a tsakiya ya ce sai an ƙara kuɗi. Duk uwar da ta ga yadda wasu wasannin wayar salula ke cinye kuɗin kira ta san darajar wannan. Na biyunsa, wanda ya fito a 2009, har ya ba yaro damar gina nasa matakin da kansa.

Sai dai akwai abin da sabulun bai taɓa ba. Matakin farko na wasan, kamar farkon fim ɗin, shi ne Indiana ya shiga wurin ibadar wasu mutane a dajin Kudancin Amurka, ya ɗauke gunkinsu na zinari, ya ruga, su kuma suna bin sa da kibau. A kowane mataki akwai akwatunan taska guda goma da aka ɓoye, in yaro ya tattara su sai su haɗu su zama wani kayan tarihi da za a baje a kwalejin da Indiana ke koyarwa a Amurka. Wato ladar ƙwazo a wasan ita ce kwaso kayan wasu ƙasashe a kai gida. A finafinan, hujjar jarumin ita ce irin waɗannan kaya a gidan tarihi ya kamata su zauna. Ba a cika tambayar gidan tarihin wa ba. Gaskiya ne a fim na biyu ya mayar wa mutanen ƙauye dutsensu mai tsarki, amma Akwatin Alkawari a rumbun gwamnatin Amurka ya ƙare.

Wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye. A 1975 aka gano makabartar Bura a yankin Tera, a 1983 kuma masanin tarihi Boubé Gado ya jagoranci tono a wurin, aka fito da tukwane da mutum-mutumin yumɓu, ciki har da shahararren mahayin dokin nan na Bura. Bayan an baje kayan a Faransa a shekarun 1990 duniya ta san su, ƴan kasuwar kayan tarihi suka buɗe ido, aka shiga haƙa ba bisa ƙa'ida ba ana fitar da su waje. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da ke fuskantar haɗarin sata. Tukunyar da aka fizge daga rami ba tare da an rubuta inda take da abin da ke kusa da ita ba, ta rasa rabin labarinta, ko da daga baya an dawo da ita. Maƙwabtanmu kuwa sun daɗe suna fafutuka: a Nuwamba 2021 Faransa ta mayar wa jamhuriyar Benin kaya 26 da sojojinta suka kwasa daga fadar Abomey a 1892, a 2022 kuma Jamus ta fara mayar wa Najeriya kayan tagullar da Ingilishi suka wawashe daga birnin Benin a 1897.

Haka ma cire Nazi yana da fuska biyu. Ba wanda ke son ganin tambarin Hitila a hannun yaro ɗan shekara takwas. Amma yaron da ya gama wasan ba zai san su wane ne mutanen nan masu kakin soja ba, ko me ya sa ake gudun kada akwatin ya faɗa hannunsu. An bar masa faɗan, an ɗauke dalilinsa. A 1936 ɗin da labarin ke faruwa, ƙasarmu tana ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa, kuma ƴan shekaru kaɗan bayan haka aka kwashi samarin Afirka ta Yamma aka kai su yaƙi da waɗannan sojoji. Wannan darasi ne da malamin tarihi ke da shi a hannu, wasan kuma ya buɗe masa ƙofa ko da bai yi niyya ba.

Abin da tarihin wannan wasa ke nuna wa uwaye da malamai shi ne iyakar alamar da ake bugawa a jikin kwali. Masu tantancewa suna ƙirga jini da zagi da tsiraici, kuma a nan sun yi aikinsu. Ba aikinsu ba ne su duba wa ake yaba wa a labari, wa ake mayarwa abin dariya, kayan wa ake ɗauka. Wannan ya rage ga na gida da na lakwal. Ban ga dalilin hana yaro wannan wasa ba, ya fi da yawa daga cikin abin da ke cikin wayoyinsu tsabta. Amma in ya ɗauke gunkin zinarin ya fara gudu, uba na iya zama kusa da shi ya tambaye shi: mutanen nan da ke bin ka, me ka ɗaukar musu? In wani ya shigo fadar Sarkin Damagaram ya ɗauki tambari ya ce zai kai gidan tarihin ƙasarsu, me za mu kira shi? Malami kuma da ke Yamai na iya kai ɗalibansa gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959, su ga kayan kakanninsu da idonsu, a gaya musu yadda aka same su da yadda wasu suka salwanta. Daga nan in sun koma gida sun ɗauki abin wasan, sun san ko gunkin wa ke hannun Indiana.