Tsibirin Jebba da Rabon Ƙasar Tasawa

Mutumin Tasawa ko Mayahi ba ɗan kogi ba ne. Ruwansa na rijiya ne da tabki, sai Gulbin Kaba da ke gudu in damina ta yi albarka. Amma wani sansanin soja da aka kafa a tsakiyar kogin Isa, wanda mutanen kudu ke kira Kwara, yana cikin abubuwan da suka yanke wa ƙasarsa makoma.

Wurin shi ne Jebba. Nan kogin ya rabu biyu ya bar tsibiri a tsakiya, kuma a da nan ne jiragen ruwa masu tururi ke tsayawa in sun taso daga teku, domin a wancan zamani daga nan zuwa Busa duwatsu ne da ruwa mai ƙarfi. A 1857 jirgin Dayspring, wanda ya ɗauko Dakta Baikie da Samuel Crowther, ya daki dutse a kusa da nan ya tarwatse. Wanda ya riƙe Jebba ya riƙe ƙofar kogin.

Ingila ta gane haka lokacin da Faransa ta matso. Kyaftin Toutée na Faransa ya kafa sansani a daura da Bajibo a 1895, sannan a farkon 1897 Faransawa suka shiga Busa. Sakataren mulkin mallaka na Ingila Joseph Chamberlain ya ga sojojin kamfanin Goldie, wanda ke riƙe wa Ingila kogin, ba za su iya ba, sai ya sa hafsan soja Lugard ya haɗa sabuwar runduna. A 1898 aka kafa hedikwatarta a Jebba, aka yi bariki a kan tsibirin. Hafsoshi Turawa ne, masu ɗaukar bindiga kuwa Hausawa da Yarbawa. Wannan wuri ne da ya kamata mu tsaya mu duba: da ƙafar Bahaushe da kafaɗarsa aka tsare kogin da aka yi amfani da shi wajen cin ƙasar Hausa.

Sojojin ɓangarorin biyu sun yi ta kallon-kallo a ƙauyukan Borgu, yankin da Busa take, tuta kusa da tuta, amma ba a gwabza ba. A Paris aka sasanta, ranar 14 ga Yuni 1898. Faransa ta bar Busa. A arewa kuma aka ja iyaka mai lanƙwasa, mil 100 daga birnin Sakkwato, wadda ta bar wa Faransawa hanya mai ƙarancin rijiyoyi zuwa tafkin Cadi.

Da kogi ya rufe musu, sai suka biyo tudu. Ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ya taso daga bakin kogi a Janairun 1899, ya ƙone garuruwa, ya yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi, ya iso ƙasar Tasawa da damina. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya karɓe ragamar ayarin. Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙe suka juya musu baya, suka kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi. Sauran ayarin ya wuce ya ci Damagaram a ƙarshen watan.

Jebba kuwa ta zama mazaunin Lugard daga 1900, har ya koma Zungeru a 1902. Rundunar da aka horar a Jebba ita ta ci Kano da Sakkwato a 1903. A 1904 da 1906 aka sake gyara iyakar, Maraɗi da Tasawa suka tabbata a hannun Faransa, Katsina a hannun Ingila, ƴan uwa suka koma masu tsallake iyaka in za su je kasuwa ko ta'aziyya.

Daga baya gadar jirgin ƙasa ta ratsa ta kan tsibirin, aikin tsaron kogi ya ƙare. Kaburburan Voulet da Chanoine suna nan a Maijirgi, kusa da babbar hanyar da ta tashi daga Tasawa zuwa Damagaram.